Ni da Baba da Goro, Daga Daura Zuwa Yamai

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Safiya ta zo har gida sau biyu, Nana kuma kullum sai ta turo saƙo: yaya Yamai take, me aka yi miki, allura ce ko ƙwaya, da gaske ne mata na tuƙa babur a can? Nakan fara ba da labarin sai wani ya yi sallama, ko a kira salla, in tsaya a tsakiya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta a lokacin da ya ga dama. Sai dai dole in fara da abin da ya kai ni, domin ko ku da muka yi makaranta tare rabinsa kawai kuka sani.

Kun san ana cewa ina da ciwon kunne. Ba ciwon kunne ba ne. Tun ina 'yar shekara goma sha uku akwai wata ƙara da in na ji ta sai jikina ya ɗauki zafi, haƙorana su datse, zuciyata ta cika da wani fushi da ban san inda yake fitowa ba. Ƙarar taunar goro ce. Ta kowa tana damuna, amma wadda ke kai ni maƙura ita ce ta mahaifina.

Baba fataucin dabbobi yake yi, kasuwar Mai'aduwa ce gidansa na biyu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ina ƙarama ni ke kai masa abinci, in zauna a gefen buzunsa yana ci ina zuba masa surutun makaranta, in ya gama ya wanke hannu ya ɓare goro. Babu zaman da na fi so a duniya kamar wannan, sai ga shi ya zama abin da nake gudu. Na koma in ajiye kwano in juya da sauri. In ya ce in zauna, sai in ce Inna na kirana. Shekara tara ina haka.

An kai ni wurin likitan kunne a Katsina, ya ce kunnuwana lafiya lau. An ɗauko malami ya yi mini ruƙiyya, ya yi karatunsa har ya gama babu abin da ya yi magana, shi kuma mutumin kirki ya ce bai ga alamar iska ba, a ci gaba da addu'a a nemi magani. Duk wanda ya tambaye ni wace ƙara ce, sai in ce hayaniya. Da wane baki 'ya za ta ce cin goron ubanta ne ke sa ta ji kamar ta fasa ihu?

Wata malamarmu a kwalejin horon malamai ce ta gano ni, ranar da na fice daga ɗakin jarrabawa saboda mai sa ido yana tauna a bayana. Ita ta fara gaya mini abin yana da suna, misofoniya, wato tsanar wasu ƙararraki na musamman, kuma manya da yawa na fama da shi a ɓoye. Ta ce ta san wata ƙwararriya kan halayyar ɗan'adam a Yamai, Madam Rakiya, Bahaushiyar Tasawa ce da ta yi karatu a ƙasar waje, ta kuma yi aiki da masu irin wannan larura. Inna ta fi kowa na'am da nisan wurin. A ganinta in Kano muka je wani zai gan mu a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa, kafin mu dawo labari ya riga mu isa Daura. Saura wanda zai raka ni. Yayana yana kudu wurin aiki, sai Baba ya ce shi zai kai uwarsa da kansa, dama yana da tsohon aboki a Yamai.

Ana gobe za mu tashi na gan shi a tsakar gida yana jera goro cikin ganye, yana yayyafa masa ruwa, yana naɗewa da tsumma. Wai an gaya masa goron can bai kai namu ba. Na tsaya ina kallon ƙunshin nan kamar wadda aka nuna wa abokin tafiya na uku.

Ta bakin iyakar Kwangwalam muka bi. Baba ya ce gara mu je Damagaram mu kama babbar mota daga tushe, mu sami kujera mai kyau. A ɓangarenmu ma'aikatan duk sun san shi, gaisuwa da tsokana kawai aka yi, ana tambayarsa ina shanun yau. Da muka tsallaka Maimujiya sai kaki ya canja, Hausar ba ta canja ba. Jandarman da ya karɓi katin shaidarmu da na rigakafi ɗan Matamaye ne, kakarsa ma 'yar Sandamu ce ta nan gefen Daura. Ya tambayi abin da zai kai mu Yamai, Baba ya ce asibiti, yarinyar ce ke fama da kunne. Bawan Allah sai ya matso kusa da ni ya ɗaga murya, yana rarraba kalma ɗaya-ɗaya yana nuni da hannu, wai Allah Ya ba ni lafiya. Na amsa masa da amin a hankali, na ƙara da tambayarsa ya aiki. Ya yi turus, abokan aikinsa suka yi ta yi masa dariya.

A wurin binciken jaka ne na yi asarar da ta fi komai tsada a tafiyar. Na zo da 'yar wayar kunne, na cika wayata da karatu da ƙarar ruwan sama, da su na yi niyyar rufe kunnuwana har Yamai. Na ajiye ta a kan benci ina mayar da kaya cikin jaka, ban tuna da ita ba sai da muka wuce Matamaye. Na nema a Damagaram, duk wadda aka kawo bakinta bai shiga wayata ba.

A tashar motar muka kwana, maza ɗakinsu daban, mata daban, an shimfiɗa tabarmi masu tsabta. A nan na fara cin burodinsu mai tsawo kamar taɓarya, bayansa da tauri cikinsa da laushi, ana tsaga shi a shafa man shanu. Da asuba wani ya tsaya da takarda yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shiga ya zauna a kujerar da aka rubuta masa. Babu turereniya, babu mai jefa jaka ta taga don kama wuri. Baba ya yi ta jinjina wannan tsari, ya ce da a tashar garinmu ne da mai takardar ma an ture shi.

Baba yana taga, ni ina gefensa. Muna wuce Takeita ya kwance ƙunshinsa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Akwai ƙarar farko, lokacin da haƙori ya fasa goron, sannan wannan niƙa da ke biyo baya a hankali, a hankali, ba ta ƙarewa. Na san mutumin da ke gefena shi ne wanda ya goya ni a wuyansa ya kai ni kallon rijiyar Kusugu. Na san ya bar kasuwarsa saboda ni. Amma jikina bai san wannan ba. Na damƙe gefen mayafina, na yi ta salati a zuci, kafin mu kai Tasawa hawaye na zuba.

Wata hajiya mai fataucin lalle da turare da ke kujerar gefe ta leƙo fuskata, ta ce wa Baba jirin mota ne, ita ma haka take yi tana yarinya, kuma maganinsa ɗaya ne. Ta buɗe jaka ta miƙo mini goro. Na ce na gode, ba na ci. Ta ce ai ba wuya, ta ɓare ta jefa rabi a bakinta don ta nuna mini yadda ake yi. Yanzu in na tuna ina dariya, amma a lokacin ga baki a dama ga baki a hagu, na ji kamar in fita ta rufin mota. Na ce wa Baba zan koma baya in sha iska. Can baya kusa da inji rugugi ya rufe komai. Baba ya kalle ni lokacin da na miƙe, ya mayar da idonsa kan taga. Wannan kallon na san shi, shekara tara ina ganinsa a ƙofar ɗakinsa.

Sauran hanyar a baya na yi ta, tsakanin buhunan albasa da wata mata mai tagwaye. An tsaya salla da cin abinci a Birnin Ƙonni, muka ci shinkafa da naman zabo, Baba ya sayi kilishi ya aiko mini da shi hannu zuwa hannu har kujerar ƙarshe. Bayan Dogon Dutsi Hausa ta fara raguwa a bakin masu talla, a Doso kuwa sai Zabarmanci. Da yamma liƙis mai tagwayen ta taɓa ni ta nuna mini raƙuman dawa guda uku a tsaye nesa da titi, suna kallonmu kamar mu ne abin kallo.

A gidan Alhaji Isufu muka sauka, abokin Baba tun suna samari suna kai raguna kasuwanni. Badauri yake kiran Baba, kuma daga ganin juna suka fara musun wanda ya fi tsufa. Matarsa Hajiya Mariyama Bazabarma ce, ma'aikaciyar gidan waya da ta yi ritaya, mai dariya da dukan jikinta. Nana, amsarki ke nan: da gaske ne, kuma a bayan babur ɗinta na riƙa zuwa asibiti, ina riƙe da ita ina karanta duk addu'ar da na sani. Takan zauna tare da mijinta a ƙarƙashin bishiya suna shan shayi, har ta kira shi Isufu gatsau a gaban baƙi. Ranar farko Baba ya ƙware da shayinsa. Abincinsu bai yi nisa da namu ba, dambu da zogale kusan kullum, sai kifin kogi da suke soyawa da yaji mai daɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Gari yakan yi tsit, a rufe ofisoshi da shaguna da yawa, kowa ya je ya kwanta, sai la'asar a sake buɗe duniya.

Wurin Madam Rakiya ba ya kama da asibiti. Ɗaki ne da kujeru uku da fanka da tulun ruwa, babu warin magani. Za ta kai shekara hamsin, gilashinta na rataye a wuya. Ranar farko Baba ya gaishe ta ya koma waje, ita kuma ta yi ta tambaya ina amsawa. Da ta zo kan wace ƙara ce, na ce taunar goro. Ta wa? Na ce ta mutane.

Ta gaya mini gaskiya tun daga farko. Babu ƙwayar da ke cire wannan abu, kuma ba hauka ba ne, ba mugun hali ba ne. Kunnena lafiyarsa ƙalau, ƙwaƙwalwata ce ta ƙulla wannan ƙara da haɗari, kamar mai gadin da ya rikice yana busa usur duk lokacin da akuya ta gifta. Aikinmu shi ne mu koya wa mai gadin nan natsuwa. Ta ce wasu na samun sauƙi sosai, wasu kaɗan, ba za ta yi mini alkawarin abin da ba a hannunta yake ba. Ta kuma ce kada in bar addu'ata, su biyun ba sa faɗa.

Makon farko da jiki muka fara. Ta koya mini jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali fiye da yadda na ja shi, da yadda zan gane muƙamuƙina da kafaɗuna sun ɗaure in sake su da gangan. Sai aikin karkata hankali: takan kunna rediyo da fanka, ta bar famfo na ɗiga, ta ce in zaɓi ɗaya in bi shi kaɗai, in ta tafa hannu in koma wani. Na ɗauka wasa ne sai da na ga gumi a goshina. Ta kuma ba ni littafi in riƙa rubuta abin da zuciyata ke faɗa a daidai lokacin da fushin ya taso. Na rubuta: da gangan yake yi. Na rubuta: yana gani ina shan wuya bai damu ba. Muka riƙa ɗaukar kowace magana muna juya ta, tana tambayata wace hujja nake da ita, kamar alƙali mai sauƙin hali. Ko'ina na rubuta «mutumin», ban sa suna ba.

Daga nan ta ce in ɗauko mata ƙarar a wayata, ainihin wadda ta fi damuna, domin za mu riƙa kunna ta ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin ƙarar ruwan sama, ni ke riƙe da wayar, ni ke kashewa in na ga dama. Ta ce tilasta wa kai jurewa ba magani ba ne, yakan ƙara abin ma. Abin da ke aiki shi ne kaɗan-kaɗan, kuma linzamin na hannuna.

Na kwana biyu ina zagaye Baba da waya a hannu, na kasa. Ji nake kamar zan yi masa sata. Sai na yi dabara. Akwai wani tsoho mai gyaran takalma a ƙofar gidan, na sayi goro biyu na kai masa, na roƙe shi ya ci a gaban wayata. Ya dube ni ya dubi goron, ya ce shi dai tun da yake ba a taɓa ba shi aiki mai daɗin wannan ba. Ya tauna da iyakar ƙarfinsa, har yana tambaya ko ya ƙara.

Madam Rakiya ta kunna. Na yamutse fuska, na yi numfashin da ta koya mini, na ji abin da sauƙi, har na fara murna. Ita kuwa ba fuskata take kallo ba, hannuwana take kallo, suna kwance a cinyata a sake. Ta kashe wayar.

«Wannan bakin baƙo ne,» in ji ta. «Bakin wa kike ɓoye mini?»

Ina kallon tulun ruwan nan na ce na Baba ne. Shi ne karo na farko da na faɗa da bakina, kuma da na faɗa sai kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce a yawancin waɗanda ta gani, ƙarar na kusa ce ta fi ciwo, ta uwa ko uba ko miji, kuma wannan ba ma'aunin ƙauna ba ne. Ta ce tana so Baba ya shigo cikin aikin, don haka gobe in zo da shi in gaya masa a gabanta.

Na ce ba zan iya ba. Ta ce za ta taimaka mini da kalmomin. Na ce ba kalmomi ne suka gagare ni ba, a wurinmu ba a yin haka. Magana irin wannan babba ake samu ya kai wa babba, shi ma a keɓe, don kada uba ya ji kunya a gaban 'yarsa. Ta cire gilashinta ta yi dariya, ta ce ta daɗe cikin littattafan Turawa har ta manta ita ma ba ta taɓa gaya wa mahaifinta magana mai nauyi ido da ido ba. Ta ce in bi hanyar gida.

Haka maganar ta yi tafiyarta. Na gaya wa Hajiya Mariyama a kicin. Ta fara dariya, da ta ga fuskata ta haɗiye ta, ta jawo ni jikinta. Ita ta gaya wa Alhaji Isufu bayan la'asar. Shi kuma ya ce wa Baba ya zo su taka zuwa bakin kogi su ga masunta. Ina leƙensu ta taga har suka sha kwana, Baba na tafe yana ba da labari da hannu, bai san abin da ke jiransa ba.

Da suka dawo bai neme ni ba. Washegari da safe na ga ya ɗauki ƙunshin goron nan gaba ɗaya ya kai wa mai gyaran takalma.

Kwana uku Baba bai sa goro a baki ba, mutumin da ya shekara arba'in yana ci. Kansa ya yi ta ciwo, yana gyangyaɗi a zaune, har ya yi wa Alhaji Isufu faɗa kan shayi ya yi sanyi. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya daina cin komai a inda nake. In na shigo da tire sai ya ce in ajiye, ya jira in fita. In na same shi yana cin gyaɗa sai ya dunƙule hannu ya ɓoye. Da ni ke gudunsa, yanzu shi ke guduna. Na ce a raina na zo neman gyara na ƙarasa ɓata abin da ya rage.

Madam Rakiya ta aika a kira shi. Ya zauna a bakin kujera, hularsa a gwiwa, idanunsa sun yi ja don rashin goro.

«Likita, abin da ke cutar da uwata na bar shi,» in ji shi. «Ba sai an yi doguwar magana ba.»

«Malam, in ka bari ka bar ta da bakunan duniya,» in ji ta. «Na kasuwa, na makaranta, na gidan da za ta je wata rana. Naka ne kaɗai bakin da zai tsaya in ta ce ya tsaya. Shi nake so ka ara mana.»

Baba ya juya maganar a ransa. Ya tambaya ko tana nufin ya ci goro a matsayin magani. Ta ce ƙwarai, kullum da ƙarfe goma, a wannan ɗakin. Ya ce shi dai ya ga asibitoci, amma bai taɓa ganin inda ake rubuta wa mai jinya goro ba.

Sai aka zo kan alama. Madam ta ce in abin ya yi mini yawa in ɗaga hannu, shi kuma ya tsaya nan take. Na ce hannuna ba zai ɗagu a kan Baba ba. Shi ne ya kawo mafita, ya ce a ba ni faifai in riƙe a cinya, in na kife shi ya gane, ba sai na kalle shi ba, ba sai ya kalle ni ba. Ya koma wurin mai gyaran takalma neman goronsa, ya tarar saura uku, su ma da ƙyar tsohon ya sake su.

Ranar farko ya zauna a can ƙarshen ɗaki, fanka na juyawa, ƙarar ruwan sama na fita daga wayata a hankali. Ya yi bisimilla, ya ɓare goron da fuskar mai shan maɗaci, ya fara. Ban kai ƙirga ashirin ba na kife faifan. Ya tsaya cak, kumatunsa a cike, idanunsa a kan silin, bai haɗiye ba bai tofar ba. Madam ce ta fara dariya, sai ni, sai shi da bakinsa a rufe kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa jin wannan ƙarar na yi dariya a bayanta ba sai ranar.

Madam ta ce in nemo wa ƙarar wani hoto, in ba ta wata fuska da ba ta baki ba. Na rufe ido na yi ta lalube, sai na tuna gonar kakannina a Baure bayan girbi, yadda busasshen karan dawa ke karyewa a ƙarƙashin ƙafa in mutum na tafe shi kaɗai da hantsi. Da Baba ya fasa goro sai in taka kara. In ya niƙa sai in ci gaba da tafiya a gonar, ina sakin kafaɗuna. Wata rana hoton ya zauna, wata rana ya tarwatse tun a taku na biyu, in fito ina jin haushin kowa har da fankar. Madam ta ce haka abin yake, ranar da ban yi barci sosai ba ko na gaji zai fi tsanani, kada in ɗauka na koma baya. Kullum Baba na matso da kujerarsa kaɗan. A ƙarshen mako na uku na yi minti biyar yana gefena, babu ruwan sama, faifan na kallon sama.

Ba zan ce muku na warke ba. Muna magana da Madam Rakiya ta waya duk bayan mako biyu, kuma har yanzu in na shiga motar haya na ga mai goro nakan nemi kujerar nesa. A gidan biki ina zama kusa da masu kiɗa. Amma na koma kai wa Baba abinci ina zama, rediyonsa na magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci har ya gama goronsa ban motsa ba, wani lokaci in ce masa yau ba ranar ba ce, ya ce to, Allah Ya kai mu gobe. Inna ta ce ita dai ba ta gane asibitin da aka je aka dawo babu ko kwalbar magani ba, amma ta ga abin da ta gani.

Abu ɗaya na bari sai ƙarshe, domin shi ne ban iya faɗa muku da baki ba. A hanyar dawowa, da aka tsaya a Birnin Ƙonni, muna zaune a inuwar wata rumfa muna jiran direba, sai Baba ya yi magana yana kallon titi.

«Uwata, ashe ba saboda Ɗan Baƙi ba ne.»

Sai da na yi tunani kafin in gane. Ɗan Baƙi wani ɗan rago ne da uwarsa ta mutu, na raine shi da madara a kwalba. Ina aji ɗaya a sakandare Baba ya kai shi Mai'aduwa ya sayar ina makaranta. Na yi kukan kwana biyu na manta. Shi bai manta ba, domin a watannin nan ne na fara ajiye kwano ina juyawa. Duk shekarun nan ya ɗauka riƙe shi na yi a zuciya. Ya ce sau biyu yana sayo baƙin rago ya ɗaure a tsakar gida ko zan kula, na wuce ban ko kalle su ba. Na tuna ragunan. Na ɗauka na layya ne.

Na ce masa wallahi ko kamannin Ɗan Baƙi ba na iya tunawa. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa, ya sa gefen rawaninsa ya share fuska kamar zafi ne ya dame shi. Direba ya danna ham, mutane suka fara tashi. Baba ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki jakata da tasa.

«Taho mu je,» in ji shi. «Ke za ki zauna a taga.»